Turaku Goma Sha Huɗu a Shinkafar Baffa Lawal

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 3:20 na yamma

Na kira Baba, bai ɗaga ba. A gida yanzu takwas da 'yan mintoci ne na safe, lokacin da na san yana zaure a kan buzunsa, ya gama shan koko, waya tana aljihun gaban rigarsa. Yau kwana huɗu ke nan.

Bari in rubuta abin yadda ya faru, ko ya ɗan sauka daga ƙirjina. Shekara uku ina nan Kuala Lumpur ina digiri na uku a fannin kiwon dabbobi, kuma aikina a kan ɓaunar ruwa ne, wadda mutanen nan ke kira kerbau. Ba irin ta dajinmu ba ce mai kashe maharbi. Wannan ta gida ce, ana tatsarta, ana noma da ita, babu abin da take so a duniya kamar taɓo. Tun ranar da na ɗanɗani nononta na ce wannan dabba fadamarmu ta Tsamiyar Dogo take nema. Bara da na je gida na faɗa wa Baba, ya yi dariya ya ce, "In ka gama karatun, fadama ai tana nan." Ni kuwa na naɗe wannan magana na sa a aljihu, na ɗauka izini ne.

Watan jiya na buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a kwamfuta, na zana inda shinge zai bi, da inda ɓauna huɗu za su kwana, da inda za a shuka ciyawa. Na sami wani safiyo a Kano ta waya, na tura masa zanen, na ce ya je ya kafa turakun siminti a kan iyaka. Ranar Alhamis ya je ya kafa goma sha huɗu. A taswira fadamar kore ce shar. Koren nan kuwa shinkafar Baffa Lawal ce, aminin Baba, wanda aka ba aron wurin tun ban iya tafiya ba.

Ba zan ce ban sani ba. Na sani. Cewa na yi a raina turke ai ba ya cin shinkafa.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Yaya Haliru ya kira, ya ba ni labarin dalla-dalla. Ranar Juma'a da sassafe Baffa Lawal ya je duba shinkafarsa, ya tarar da turaku a tsaye a cikinta. Ya koma gida ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya zo zauren Baba suka gaisa kamar kullum. Sannan ya ce, "Alhaji, na ga saƙo. Gona ta koma hannun masu ita, da abin da ke cikinta. Wallahi ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. Allah ya saka da alheri." Baba bai ma san zancen me ake yi ba, sai da ya aiki Yaya ya je ya gano.

"Kai Muntasir," in ji Yaya, "a ina ka taɓa jin an karɓi aron gona da amfani a tsaye? Bayan girbi ake yi. Dattijo ake aikawa, da goro, a ba mutum shekara guda ya nemi wani wurin. Turke a tsakiyar shuka, ai ce masa ka yi ana tsoron zai cinye gonar. Mutumin da shekara talatin da uku bai taɓa fasa kawo wa Baba damin shaida ba."

Damin shaida shi ne dami ɗaya da Baffa ke kawowa duk kaka, don kowa ya san wurin aro ne. Na sha ganinsa a jingine a zaure, ban taɓa tambayar na mene ne ba.

Yanzu ga inda aka tsaya. Baffa ya rantse ba zai shiga ba. Baba ya ce duk wanda ya taɓa ko zangarniya ɗaya daga gidanmu bai yafe ba, shinkafar ba tamu ba ce. Saura kamar mako uku ta isa yanka, kuma babu mai korar tsuntsu. Na ce to a cire turakun mana. Yaya ya ce Baba ya ce wanda ya kafa shi zai cire, da hannunsa.

Fasfona kuwa yana ofishin makaranta ana sabunta biza. Ko filin jirgi ba zan iya zuwa ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 3:15 na yamma

Na kira. Bai ɗaga ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Na je ofishin. Matar da ke kan tebur tana da kirki, ta duba kwamfuta ta ce, "Still in process, ya. Two weeks, maybe three." Na ce da gaggawa a gida. Ta tambaya rasuwa aka yi ko rashin lafiya, don in haka ne akwai fom na musamman. Na tsaya ina kallonta. Ta yaya zan gaya mata cewa shinkafa ce za ta zube, kuma tsofaffi biyu sun daina zama a tabarma ɗaya? Na ce a'a, na gode, na fito.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni har tauraron ɗan'adam na hau.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Yau a gonar Pak Sharif na wuni, can Hulu Langat, inda nake ɗibar nonon gwaji. Tsoho ne gajere, ɓauna tara gare shi, kowace da sunanta. Da na isa duk suna cikin kududdufi, hanci da ƙaho kawai ake gani, sai kunne da ke motsi in ƙuda ya sauka. Babbar cikinsu, wadda yake kira Manis, ta fito tana ɗigar da taɓo, ta zo ta tura min goshi a ciki sai da na ja da baya. Na yi ta sosa mata bayan kunne. Rabona da in ji zuciyata ta kwanta haka tun ranar Juma'ar can.

Muna shan shayi a rumfarsa na ba shi labari, rabi da Turanci rabi da guntun Malayancina. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya tambayi shekarun Baffa, na ce zai yi saba'in da biyar. Ya tambaya ko shinkafar ta fara sunkuyar da kai, na ce ban sani ba. Ya dube ni ya ce, "Gonarka ce, ba ka sani ba?" Daga nan ya tashi ya tafi yankan ciyawa, na bi shi da buhu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Mun kai 'yarmu Rufaida bakin tafkin Titiwangsa ta hau keke. Ni da matata Zuhra muka zauna a benci. Tun da abin ya faru ba ta ce min ka yi daidai ko ba ka yi ba, amma ta daina kirana Sarkin Ɓauna, wanda ya fi faɗa ciwo.

Can ta ce, "Abban Rufaida, ka tuna shinkafar da aka ci a bikinmu?"

Na ce na tuna.

"Buhu biyu Baffa Lawal ya kawo a kan keke. Da kansa ya tura, don ba ya hawuwa."

Na ce na sani, Zuhra.

"To shi ke nan. Dama so nake in ji ko ka sani."

Ni kuma abin da ke zuwa min shi ne ranar da kunama ta harbe ni ina aji biyu, Baba ya yi tafiya. Baffa ne ya goya ni har asibitin sha-ka-tafi, yana yi min waƙa ta banza don in daina ihu. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Na roƙi Yaya ya kai wa Baffa Lawal waya har gida, tun da shi ba ya riƙe waya. Ya karɓa kuwa. "A'a, Muntasir na Malesiya! Ina gajiya? Ina mai ɗakin? Ina 'yar ƙawata? Karatu dai ana ta fama? Can ma damina kuke?" Ya gaishe ni tsaf, babu inda muryarsa ta canja. Na ce, "Baffa, na kira ne in ba da haƙuri a kan…" Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Ba komai, ɗana. Gonarku ce. Allah ya yi albarka."

Sai na ji muryar Yaya, ya riga ya miƙa masa wayar. Da ma zagina ya yi. Na san wannan "ba komai" ɗin, ƙofa ce aka rufe a hankali don kada maƙwabta su ji. Yaya ya ce, "Ka san dai zuwa da kai ya fi aike." Na ce na sani, Yaya, kowa sai ya tuna min abin da na sani.

Baba bai ɗaga ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Jan-baki sun gano wurin. Yaya ya ce da hantsi suke sauka, da yamma su dawo. Sauran gonakin kowa da mai kora, da gwangwanaye a rataye, sai tamu ce shiru, shi ya sa tsuntsun gari duk ya koma can. Mutane na wucewa ta kan hanya su tsaya su duba, su kaɗa kai su wuce.

Na ce ko in sa safiyon ya koma ya tumɓuke abinsa, ai shi ya kafa. Yaya ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Wato ka sake aike." Na bar zancen.

Nan kuwa ruwa ake yi tun azahar. Zuhra ta yi tuwo da miyar kuka, da sauran kukar da muke ta lallaɓawa tun bara. Na ci sosai, har na ji haushin kaina da na iya ci.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 3 na yamma

Bayan masallaci abokina Tajuddeen ya ja ni mamak, wato shagon shayin da ke ƙasan gidanmu a Danau Kota, wai sai na sha teh tarik, shayin madarar nan nasu, in daina tafiya kamar marar lafiya. Injiniya yake karanta, ɗan birni ne, gona a hoto ya san ta. Da ya ji labarin ya ce, "Haba Doctor, relax lah. Family land ne fa, kana da right. Talatin da uku years yana noma free, yanzu shi ne zai yi fushi? Tsofaffin nan emotional blackmail kawai suka iya. Ka bar su, two weeks sun manta."

Na ji raina ya ɓaci har na kasa ƙarasa shayin. Sai a lif na gane dalili. Babu kalma ɗaya da ya faɗa wadda ban faɗa wa kaina ba ranar da na tura wa safiyo zane, illa dai ni da Hausa na faɗa.

Na kira daga baranda. Bai ɗaga ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe 3:15 na yamma

Wayar Baba ta yi ta ringin har ta katse.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Yau ban kira ba. Zuhra ta lura, ta ce, "Ba don ya ɗaga kake kira ba, don ya ga ka kira ne." Na ce lokaci ya wuce, yanzu yana gona ko kasuwa. Ta miƙo min wayar. Na kira.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Ina ɗakin gwaji tun safe, ban yi aikin kirki ba. Kwalabe shida na manna wa suna ɗaya, dole a sake ɗebo nonon.

Akwai abin da ban faɗa wa Zuhra ba, ban faɗa wa Yaya ba, bari in faɗa wa takarda. Har yanzu ina son fadamar. Da na buɗe taswirar yau don in goge zanen, sai na tsinci kaina ina gyara inda kwatamin ruwa zai zauna. Ina ganin su huɗun nan a idona, sun kwanta a taɓon da ke gindin giginya, matan gari suna zuwa da ƙwarya suna mamakin kaurin kindirmo. Shekara uku ina kwana da wannan ina tashi da shi. Ina so Baffa ya yanke shinkafarsa, ina so Baba ya ɗaga waya, kuma ina so in an yi shekara guda a aika dattijo da goro yadda ya kamata, wurin ya dawo hannuna. Duka ukun nake so, ban rage ko ɗaya ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Hutun Deepavali, bikin fitilun Indiyawa, ofis a rufe. Maƙwabtanmu Indiyawa sun aiko da kayan zaƙi, Rufaida ta yi ta tsalle.

Yaya ya ce shinkafar ta nuna. Ɓangaren gabas ya fara kwanciya, in iska ta kaɗa ana jin tana zuba. Ya ce in aka ƙara mako guda, sai dai a yi kala. Baba ya daina zama a zaure, don ta nan Baffa ke wucewa zuwa masallaci. Shi kuma Baffa ya koma bin bayan gari. Mutum biyu da suka yi shekara hamsin suna jera sahu.

Na kira. Bai ɗaga ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 6:40 na yamma

Yaya bai ɗaga ba shi ma, sau biyar. Yanzu ya turo saƙo: "Muna fadama. Zan kira gobe." Ban san me suke yi a fadama ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 2:30 na rana

Ya kira. Zan rubuta yadda ya faɗa.

Jiya bayan sallar asuba Baba bai dawo gida ba. Aka nema, aka same shi a fadama, ya ajiye sandarsa a kan kunya, ya naɗe wando, yana cikin ruwa har gwiwa da diga a hannu, yana tonon turke. Baba da ke sallah a zaune saboda gwiwa. Yaya ya shiga zai karɓi digar, Baba ya daka masa tsawa. Yaya ya ce, "Baba, ai kai ka ce wanda ya kafa shi zai cire." Ya ce, "Ni na kafa. Ni na haifi mai kafawar."

Kafin hantsi ya ciro biyu, yana ja yana hutawa. Mutane suka taru a bakin hanya. Wani ya ruga ya gaya wa Baffa Lawal. Ya zo ya tsaya a kan iyaka, daidai inda rantsuwarsa ta tsayar da shi, ya ce, "Alhaji, fito." Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Saura goma sha biyu." Baffa ya sake cewa, "Alhaji, don Allah fito, ruwan nan da sanyi." Baba ya ɗaga diga ya sake sarawa, ƙafarsa ta zame, ya dafa turken.

Yaya ya ce sai gani suka yi Baffa ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya kama digar ya ce, "Kawo nan, kai ko riƙe ta ba ka iya ba. Yanzu ka ja min kaffara a banza." Daga nan kowa ya shiga. Kafin azahar an fitar da turakun, aka koma gida aka ɗauko lauje. Yau ma suna can suna yanka. Tsuntsu da ƙasa sun ci kamar kashi ɗaya cikin uku.

Gwiwoyin Baba sun kumbura, yana kwance.

Da muka gama na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kuka sosai. Zuhra ta ji, ta ɗauki Rufaida suka sauka kedai, shagon ƙasa, sayen abin da ba ma bukata.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Fasfo ya fito.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

Ina kan hanyar zuwa sallar azahar a makaranta waya ta yi ƙara. Na duba na ga sunan Baba. Ban san lokacin da na durƙusa a barandar ba, ɗalibai suna ratsa ni suna wucewa.

"Muntasir."

"Na'am, Baba. Ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi. Shinkafa ta shigo." Ya yi tari. "Jiya bayan la'asar na tara liman da mai unguwa da yayanka. Na ba Lawal fadamar. Kyauta, ba aro ba. An rubuta, kowa ya sa hannu."

Na ji zafin abin har cikin ƙashina, kuma na san daidai ya yi.

"Kana jina?"

"Ina ji, Baba. Allah ya ƙara girma. Baba, ka yafe min. Fasfona ya fito, zan zo in…"

"Zauna ka gama abin da ya kai ka. In ka dawo ka je ka gaishe shi da ƙafarka."

Na ce to. Ina jin kukan zakara daga can bayansa. Na zaci zai kashe. Sai na ji ya gyara kwanciya, ya sassauta murya ya ce, "Wai ni kam, ɓaunar nan taka, da gaske tana tsayawa mutum ya tatse ta?"

Na ce tana tsayawa, Baba. Ya ce, "Ikon Allah. To ƙahon fa?" Na zauna a ƙasa na jingina da bango, na fara yi masa bayani tun daga farko.